Ka Ce Littafi Ɗaya Ne

A Jidda, da an idar da sallar isha'i iska ta fara kaɗowa daga teku, wasa kan tashi ta ko'ina. Manya na zaune hurhuɗu suna buga balot, wasan kartar da babu lungun da bai shiga ba a ƙasar nan, samari kuma na tsugune kan allon keram. Wajejen Fabrairun 2017, lokacin da aka yi taron Saudi Comic Con na farko a garin, na fara lura da wani wasa daban a hannun matasa, wanda kayan aikinsa littafi ne da fensir da farar takarda. Wanda ya fi suna a irinsa shi ne Dungeons & Dragons, kuma shi na koya.

Wasan ba shi da wanda ya ci, ba shi da wanda aka cinye. Mutum huɗu ko biyar za su kewaye tebur ko tabarma. Ɗaya shi ne mai jan labari, shi zai ce ga ku a bakin kogo, ga duhu, ga gurnani na fitowa daga ciki. Sauran kowa na riƙe da jarumi guda, an rubuta ƙarfinsa da dabararsa da kayansa a takarda, sai ya faɗi abin da jarumin nasa zai yi. In abin mai wuya ne a jefa ɗan ludo mai fuska 20, lambar da ta fito ita ke raba gardama. Tatsuniya ce wadda masu saurare ke da ta cewa a cikinta.

Abin da ya ja ni gare shi ba wasan kaɗai ba ne. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan Larabci ya fi zama a bakinsu, Hausa ta koma ta gaisuwa da aike. Sai na tara 'ya'yan 'yan'uwa da na maƙwabta a falona daren Juma'a, na kafa sharaɗi ɗaya: jarumi ba ya magana sai da Hausa. Yaron da in ka yi masa Hausa yake amsa maka da Larabci, sai ga shi yana lalubo kalma don ya roƙi mai gadin ganuwa ya buɗe masa ƙofa. Iyaye sun tambaya ko caca ce, na nuna musu ko halala ɗaya ba a sawa. Wani uba ya ce shi bai aminta da duk wasan da ake jefa ɗan ludo a cikinsa ba, na girmama ra'ayinsa, ɗansa bai zo ba. Sauran suka saki jiki.

Da abin kyauta muka fara. A 2014, da kamfanin Wizards of the Coast ya fito da bugu na biyar na wasan, ya saki wasu ƙa'idoji a intanet ba tare da ko sisi ba, ya kira su Basic Rules. Jarumai iri huɗu ne a ciki: mayaƙi, da mai sanɗa, da masihirci, da mai warkarwa. Akwai yadda jarumi zai hau daga mataki na 1 har na 20, wanda shi ne ƙarshen tsanin. Akwai dodanni da lissafin ƙarfinsu, akwai kayan al'ajabi da ake tsinta a hanya, akwai bayani ga mai jan labari kan yadda zai auna faɗa don kada ya fi ƙarfin yara. Na kai shagon hoto aka buga wa kowa nasa aka ɗinke. Da waɗannan takardu muka daɗe muna wasa, kuma ban tuna wani dare da wani ya ce akwai abin da ya rasa ba.

Ni ne na fara sauyawa. Littattafan tushe na wasan guda uku ne: Player's Handbook na masu wasa, Dungeon Master's Guide na mai jan labari, sai Monster Manual na dodanni. Kowanne farashinsa a Amurka a lokacin dala 49.95 ne. Riyal kuwa tun 1986 yake ɗaure da dala a kan 3.75, ka ga littafi ɗaya ya kama riyal 187, ukun sun ɗan haura 560, ba a sa kuɗin kawowa ba, ba a sa harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari da ya fara aiki a Yulin 2020 ba. Na saye su duka. Na bi da littattafan ƙari, Xanathar's Guide to Everything na 2017 da Tasha's Cauldron of Everything na 2020, masu ɗauke da sabbin salon jarumai da sabbin dabaru. Albashina ne, ban tauye kowa ba. Amma na jera su a kanta na hana aro, ina gudun hannun yara da maiƙo. Yara biyu da iyayensu ke da hali suka sa aka sayo musu nasu, suka riƙa zuwa da jaruman da sauran ba su taɓa ji ba. Ni kuma abin ya yi mini daɗi, don da su nake iya hirar littattafan da na karanta. A hankali labarin ya karkata wajen jarumansu. Su nake gina wa asiri, su nake auna faɗa da ƙarfinsu, sauran suna biye a baya.

Cikin na bayan akwai wani yaro mai shekara goma sha uku, wanda ya fi kowa iya tsara magana a teburin. Mayaƙi yake riƙe da shi, na cikin takardun kyauta. Ba wai jarumin nasa rago ne ba, zaɓi ne ya yi masa kaɗan: abokansa kowane zagaye da sabuwar dabara, shi sai sara da kariya. Wani dare bayan an tashi ya tsaya ya ce, "Kawu, ni ma ina son irin nasu." Amsar da na ba shi ita ce abin da ya sa nake wannan rubutu. Na ce, "Waɗannan takardun naka na 'yan koyo ne. Ka ce wa Umma ta saya maka littafin gaske. Guda ɗaya ne, komai yana ciki."

A 2022 aka yi haka, shekarar da rusau ya ci unguwannin kudanci da tsakiyar Jidda, su Karantina da Sabil da Gulail da Kandara, inda gidajen Hausawa da yawa suke tun zamanin kakanni da suka zo aikin hajji suka zauna. Gidan su yaron na cikin waɗanda suka tashi suka koma haya mai tsada nesa da inda suka saba. Mahaifiyarsa ita kaɗai ke riƙe da gidan, da sana'ar abincin sayarwa, waina da ƙosai da tuwon biki. Duk na san wannan. Na san shi a lokacin da nake maganar, ba daga baya na ji ba. Magana zarar bunu ce, ta fita a bakin da yaro ya yarda da shi.

Ta saya. Daga kuɗin adashinta ta cire, ya haura riyal 200. Ya zo da littafin a rungume, ya buɗe yana neman jaruman abokansa, bai gan su ba. Na ce, "A'a, waɗannan suna cikin wani littafin." Ya yi shiru. Ya koma gida da niyyar ya ja wa ƙannensa labari kamar yadda nake ja musu, ya tarar babu manyan dodanni, sai 'yan dabbobi da ƙananan halittu a shafukan ƙarshe, babu taskokin da ake tsinta, babu yadda ake auna faɗa. Takardun farko kuwa, masu ɗauke da duk waɗannan, ya riga ya bar wa Umma tana naɗe ƙosai da su, tunda Kawu ya ce na 'yan koyo ne.

Da kanta ta zo, da littafin a leda. Bayan mun gaisa ta ajiye shi a gabana ta ce, "Malam, ka ce littafi ɗaya ne. Yanzu yaro ya ce saura biyu, bayan su kuma akwai wasu. Ka faɗa mini gaskiya, ina ƙarshensa?" Maimakon in ba da haƙuri nan take, sai na kare kaina. Na ce, "Hajiya, ai haka wasan yake." Ta dube ni, ta ɗauki ledarta, ta yi sallama.

Akwai gaskiya a cikin cewa haka wasan yake, shi ya sa maganar ta zo mini da sauƙi. Tun ranar haihuwarsa yake da wannan hali. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a ƙarƙashin kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, dala 10. Cikin kayan da kwalin ya lissafa wa mai wasa ya nema akwai Chainmail, wasan yaƙi na 1971, da kuma Outdoor Survival, wasan wani kamfani daban mai suna Avalon Hill, don taswirar daji. Mai sanɗa, wanda yau ba a tunanin wasan ba tare da shi ba, babu shi a kwalin, sai a littafin ƙari na farko, Greyhawk, a 1975. Da aka zo faɗaɗa wasan, littafin dodanni ya fito a 1977, na masu wasa a 1978, na mai jan labari sai 1979, alhali jadawalin da ke nuna ko sara ya samu ko bai samu ba yana cikin na ƙarshen ne. A bugu na huɗu na 2008, littafin masu wasa ya fito babu mawaƙi, babu mayaƙin daji mai fushi, babu mai asirin tsirrai da dabbobi, jaruman da aka saba gani a tushen bugun da ya gabata. Sai a littafi na biyu na 2009 suka dawo. Har bugun da aka sabunta daga baya bai bar tsarin ba: na masu wasa a Satumban 2024, na mai jan labari a Nuwamba, na dodanni sai Fabrairun 2025.

Duk wannan na san shi. A nan laifin ya tsaya a kaina, bai wuce zuwa ga mai buga littafi ko mai shagon da ya sayar ba. An rubuta a bangon littafin cewa na masu wasa ne, ba a ɓoye ba. Ita ba ta karanta Turanci, ni ina karantawa. Yaro ya zo da tambaya, ni na san amsarta littafi uku ne da 'yan kai, na ce ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na raba shi da abin da ya cika na tura shi ga ɓangare. Takardun kyautan nan, duk da ƙanƙantarsu, wasa ne sukutum: da su kaɗai yaro zai tara ƙannensa ya ja labari daga farko har ƙarshe. Littafin mai tsada, da kyan hotunansa da shafukansa 320, kashi ɗaya ne cikin uku. Ni na raina na farkon saboda babu bango mai sheƙi, kuma saboda ban biya kuɗi a kansa ba.

Ba na cikin masu cewa raba littattafai zalunci ne kawai. Masu yi suna da hujja. Mai wasa ba ya bukatar sanin ƙarfin kowane dodo, sanin ma yana rage masa daɗi, don haka ware wa mai jan labari nasa littafi yana da ma'ana. A tebur mai mutum biyar, mutum ɗaya ne ke bukatar ukun. In an haɗe komai wuri guda littafin kan yi nauyi: tushen wasan Pathfinder da kamfanin Paizo ya fitar a 2009 ya haɗe na mai wasa da na mai jan labari, ya kai shafi 576, kuma duk da haka dodanni suna wani littafin. Sannan marubuta da masu zane ba iska suke ci ba. Littafin tushe sau ɗaya mutum ke saya, littattafan ƙari ne ke riƙe kamfani daga shekara zuwa shekara. Ko da yake yawansu ma na iya kayar da shi: TSR ya cika kasuwa da duniyoyi iri-iri da littattafansu, ya shiga matsin kuɗi, Wizards of the Coast ya saye shi a 1997.

Amma an sha nuna cewa cikakken littafi ɗaya abu ne mai yiwuwa. A 1991 shi kansa TSR ya fitar da Rules Cyclopedia, wanda Aaron Allston ya tattara: jarumai daga mataki na 1 zuwa 36, da dodanni, da taskoki, da yadda ake mulkin gari da jan runduna, duk a cikin bango ɗaya. Call of Cthulhu, wasan ban tsoro da Sandy Petersen ya tsara wa kamfanin Chaosium a 1981, har yau babban littafinsa ya ƙunshi yadda ake gina jarumi da ƙa'idoji da halittu da labaran gwaji. Kuma masu shirya wasannin Dungeons & Dragons na bainar jama'a, waɗanda ake kira Adventurers League, sun yi shekaru da doka cewa a gina jarumi daga littafin masu wasa da littafin ƙari ɗaya tak. Su ma sun ga abin da tarin littattafai ke yi wa tebur: wanda ya fi saye shi ya fi zaɓi.

Mu da muka tashi a makarantar zaure mun san wannan tsari ta wata hanya, kuma ba haɗa wasa da addini nake yi ba, tsarin rubutu nake nufi. Ahalari ƙaramin littafi ne, amma almajirin da ya sauke shi ya san tsarki, ya san salla, ya san ƙabli da ba'adi. Abin da littafin ya ɗauka zai koyar, ya koyar da shi. Sharhi yana zuwa ya faɗaɗa, ya kawo saɓani da dalilai, amma ba a cire farilla daga matani a ɓoye ta cikin sharhi don a tilasta wa ɗalibi saye. Haka nake ganin ya kamata littafin tushe na wasa ya zama. Ba sai ya ƙunshi komai ba, ai babu littafin da zai ƙunshi komai. Ya dai zama wanda ya riƙe shi shi kaɗai zai iya zaunar da mutane su yi wasa daga fari har ƙarshe. In kuwa an raba shi uku, a faɗa ɓaro-ɓaro a bangon gaba cewa wannan sulusi ne. Wanda ke zaune kusa da shagon wasa a Amurka yana iya buɗe littafi ya duba kafin ya biya, yana iya komawa gobe ya sayi na biyu. Uwar da ke Jidda ko Kano ko Maraɗi, wadda za ta biya kuɗin kawowa ta jira, kuma harshen littafin ba nata ba ne, da bakin wani take saye.

Sai dai ko da littafi ya cika, mai jan labari na iya mayar da shi ragagge. Wannan shi ne ɓangaren da na fi daɗewa ban gani ba. Takardun kyauta ba su canja ba daga daren da suka ishe mu zuwa daren da na ce na 'yan koyo ne. Teburin ne ya canja, kuma ni na canja shi. Ranar da na bar jarumin littafin ƙari ya zauna kusa da na takardun kyauta, na kuma karkata labari wajensa, ranar na sa wa falona kuɗin shiga ba tare da na furta ba.

Na je gidansu bayan 'yan kwanaki. Na ce, "Hajiya, na yi kuskure, kuma da sanina na yi. Na san ba littafi ɗaya ba ne. Ki yafe mini." Na nemi in biya kuɗin in karɓi littafin, ta ƙi. Ta ce ta riga ta ba ɗanta, ba ta karɓe kyauta daga hannun yaro. Ta yafe, amma ta ce in daina aiko yara gida da saƙon saye, in akwai magana in same ta da kaina. Na sake buga wa yaron takardun farko, na kai masa littafin dodanni da na mai jan labari nawa, na ce su zauna a wurinsa muddin yana so. Ya karɓa da ladabi, ya yi godiya. Bai dawo falona ba. Na ji yana ja wa ƙannensa da yaran sabuwar unguwarsu labari, da Larabci. Hausar da na tara su dominta, a wajensa ni na katse ta.

A teburin da ya rage na sauko da littattafan daga kanta, kowa na iya ɗauka ya tafi da shi gida, in ya dawo da maiƙo ya dawo. Na kuma kafa doka cewa ba a gina jarumi sai daga abin da ke gaban kowa, kuma babu yaron da za a sake cewa ya sayo wani abu. Da sabon bugu ya fara fitowa a 2024, ɗaya daga cikin yaran nan biyu masu hali ya zo da nasa, yana ɗoki, ya ce mu koma kansa. Na ce a'a, ba za mu koma kan abin da mutum ɗaya ke da shi ba, kuma a lokacin ko littafin dodanninsa bai fito ba. Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Kawu, da kuɗin sallata na saya, na karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Me ya sa za a hukunta ni don wasu ba su saya ba?" Na yi masa bayani iya iyawata, bai gamsu ba, kuma ba zan ce ba shi da gaskiyarsa ba, domin ni na koya masa cewa sabon littafi shi ne ci gaba. Yanzu yana wasa da wasu samari a wani gidan shayi da ke arewacin gari, inda kowa ke zuwa da littattafansa. Yana gaishe ni in mun haɗu a masallaci. Mu kuma muna nan kan bugun 2014, mutum huɗu, kuma wata yarinya daga cikinmu ta fara karɓar jan labari daga hannuna.